Daga Fusɗaɗ zuwa Unguwar Yahudawa: Na Bi Sawun Musa bin Maimun a Alƙahira

Ciwon gwiwar Yayana ne ya kai mu Masar. Likitoci a gida sun ce sai an yi aiki, dangi suka zauna aka yi karo-karo, aka ɗora mini rakiya saboda ina ɗan taɓa Larabci, kuma makarantar da nake koyarwa tana hutu. A Abuja muka nemi biza da takardar asibitin da zai karɓe shi, muka haɗa da katin rigakafin shawara. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi a jirgin EgyptAir, tafiyar da ba ta cika awa biyar ba. Marasa lafiya da masu jinyarsu sun yi yawa a jirgin, sauran 'yan kasuwa ne da ɗalibai da masu wucewa Umara. Hausa kawai ke tashi ta ko'ina.

A filin jirgin Alƙahira aka kawo wa Yaya keken guragu, shi ya sa ba mu daɗe a layi ba. Jami'in shige da fice ya tambayi sunan asibiti da masaukinmu, ya buga hatimi. Na canja 'yan daloli a bankin da ke cikin filin, dala ɗaya ta kusa fam hamsin na Masar. Ɗan ƙanwarmu da ke karatu a Azhar yana bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe mu, ya karɓi kaya. Ya riga ya kama mana gida mai ɗaki biyu da kayansa a Hayyul Ashir cikin Madinatu Nasr, unguwar da baƙi 'yan Afirka suka cika. Kuɗin wata ya tasam ma dala ɗari huɗu, ban da wuta da gas.

Abinci bai ba ni wahala ba. Da safe wake ne da suke kira ful, da gurasa, da ɗa'amiyya wadda ƙosai ce ta wani irin wake. Da rana koshari, haɗin shinkafa da taliya da ƙananan wake da soyayyiyar albasa, a lokacin fam arba'in ko hamsin ka ƙoshi. Miyar da suke alfahari da ita, mulukhiyya, lalo ce tamu, karkadensu kuma zoɓo. Yaya dai ya ce shi sai tuwo, ɗalibai suka riƙa tuƙa masa na shinkafa suna kawowa a kula, Allah ya saka musu. Aiki ya yi kyau, aka sallame shi, aka koma zuwa gashin ƙafa, ni kuma na samu sararin fita.

Bayan masallacin Azhar akwai wani lungu, Darbul Atrak, shagunan littattafai ne jere hagu da dama. Na je neman littattafan fiƙihun Malikiyya da abokan aiki suka ba ni sautu. A wani shago, a kantar littattafan tauhidi da falsafa, ɗan ƙanwata ya zaro wani mai kauri ya miƙo mini, ya ce, "Kawu, duba sunan mawallafin nan." Dalalatul Ha'irin, na Musa bin Maimun al-Ƙurɗubi al-Andalusi. Ya ce, "Bayahude ne, kuma babban malaminsu. A garin nan ya rayu, a nan ya rasu."

Mai shagon, wani dattijo mai tabarau, ya sa baki. Ya ce da Larabci mutumin ya rubuta littafin, amma da haruffan Ibrananci, kamar dai yadda mu muke rubuta Hausa da ajami. Wani malami Baturke, Husain Atay, shi ya mayar da shi haruffan Larabci aka buga a Ankara a 1974. Ya ƙara ɗauko mini wani ƙaramin littafi na tarihin mutumin, wanda Isra'il Wolfenson ya rubuta aka buga a Alƙahira a 1936, da gabatarwar Mustafa Abdurraziƙ, wanda daga baya ya zama Shehun Azhar. Wannan ne ya tsayar da ni. Mutumin da zai riƙe Azhar ya zauna ya rubuta gabatarwa ga tarihin malamin Yahudawa, yana lissafa shi cikin masana falsafar da suka tashi a inuwar Musulunci. Na sayi biyun, mai shago ya sa aka kawo mana shayi.

Dare da dare ina zaune gefen gadon Yaya ina karantawa, in na ci karo da abin mamaki in fassara masa.

A Ƙurɗuba ta Andalus aka haife shi, a 1138, garin da aka haifi Ibn Rushd, malamin fiƙihu da falsafa, shekara goma sha biyu kafin nan. Mahaifinsa alƙalin Yahudawan garin ne. Yana ɗan shekara goma Muwahhiduna, wata daular Musulmi daga Magrib, suka ci Ƙurɗuba, suka janye amanar da Yahudawa da Kiristoci suke zaune a ƙarƙashinta tun zuwan Musulunci Andalus: ko ka musulunta, ko ka bar gari, ko ka rasa ranka. Na faɗa wa Yaya, kuma ina nan a kan bakana, wannan zalunci ne da ya saɓa wa nassin Alƙur'ani cewa babu tilas a addini. Iyalin suka shiga gararamba, suka zauna a Fas wajen 1160, garin da mutanenmu ke zuwa ziyarar Shehu Tijjani. A 1165 suka hau jirgin ruwa zuwa Akka a gaɓar Falasɗinu, suka ziyarci Ƙudus da Halil, daga nan suka gangaro Masar, suka yada zango a Fusɗaɗ, tsohon birnin da ke kudancin Alƙahira. Abin da ya ɗaure mini kai, a cikin wannan gudun hijira ne yake rubuta sharhinsa a kan Mishna, tushen fiƙihun Yahudawa. Ya fara yana ɗan ashirin da 'yan kai, ya gama a 1168 yana ɗan talatin. A ciki ne ya jera ginshiƙan aƙida goma sha uku waɗanda har gobe Yahudawa ke karantawa.

Da na ce zan je Fusɗaɗ in ga inda ya zauna, wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke yawan zuwa gaishe da Yaya ya ɓata rai. Ya ce, "Malam, a irin wannan lokaci da ake yi wa 'yan'uwanmu kisan gilla a Gaza, kai kuma wurin ibadar Yahudawa za ka?" Ban ga laifinsa ba, domin abin da ke ransa yana raina. Na ce masa mutumin nan ya rasu a 1204, shekara ɗari bakwai da arba'in da huɗu kafin a kafa Isra'ila, kuma likita ne a fadar gidan Salahuddin al-Ayyubi, wanda ya ƙwato Ƙudus. In Salahuddin da mutanensa sun yarda ya taɓa jikinsu, ni ban ga abin da zai hana ni sanin tarihinsa ba. Bai gamsu ba gaba ɗaya, amma ya yi mini kwatancen hanya.

Ni da ɗan ƙanwata muka hau ƙaramar bas zuwa Abbasiyya, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka canja layi, muka sauka a tashar Mar Girgis. Tikiti bai wuce fam goma ba. Kana fitowa daga tashar za ka ga ragowar ganuwar Rumawa, da majami'ar Kibɗawa, Kiristocin Masar, da ake kira Mu'allaƙa. 'Yan sanda sun tare bakin unguwar, kowa sai ya bi ta na'urar bincike, an duba jaka. Ɗayansu ya kalli hulata ya ce, "Nijeriya?" Na ce e. Ya duba fasfo ya mayar mini, ya nuna mana matakalar da ake sauka. Unguwar tana ƙasa da titi sosai, saboda ƙasar gari ta yi ta tasowa cikin ɗaruruwan shekaru ita tana nan inda take. Ka sauka ka shiga lunguna na dutse masu sanyi, masu sayar da hotuna da littattafai sun jera kaya a bango. Ka wuce majami'ar Abu Sirga, sai ga ginin Ben Ezra, tsohon wurin ibadar Yahudawa, a ƙarshen lungu.

Ba babban gini ba ne. An sake gina shi a shekarun 1890, an kuma gyara shi aka buɗe a 2023. A tsakiya akwai mumbari na marmara inda ake karanta Attaura, a bangon gabas ma'ajiyar da ake ajiye naɗaɗɗun littattafan, sama kuma bene ne na mata. Ba a ibada a ciki yanzu, masu yawon buɗe ido ne ke shiga da fita. Wani jagora yana gaya wa Turawansa wai a bayan ginin ne aka tsinci akwatin Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Wannan zancen baka ne. Abin da ya kawo ni yana sama: wata 'yar kafa a bango can ƙarshen benen mata.

Ta wannan kafa Yahudawan Fusɗaɗ suka yi kusan shekara dubu suna jefa duk takardar da ta tsufa. A wurinsu takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a yar da ita a bola. Ana tara ta a wani ɗaki da suke kira geniza. Na tuna yadda kakanmu yake tsince kowace 'yar takarda mai rubutun Larabci a hanya ya soke ta a jikin danga ko ya kai ta gafaka. Bambancin, su ba su tsaya kan littattafan addini ba. Wasiƙu, takardun aure da na saki, lissafin 'yan kasuwa, takardun magani, rubutun yara masu koyon baƙi, duk an zuba. Busasshiyar iskar Masar ta adana su. A ƙarshen 1896 wani malami daga Jami'ar Kambirij, Solomon Schechter, ya zo ya kwashe guntaye kusan dubu ɗari da casa'in da uku ya kai Ingila. In aka haɗa da waɗanda suka watsu a wasu ɗakunan karatu na duniya, sun kai wajen dubu ɗari huɗu. A cikinsu aka samu rubutun Musa bin Maimun da hannunsa, da shafukan littattafansa inda ya soke kalma ya sake wata, da fatawowinsa. Na tsaya ina kallon kafar nan, raina yana kan tsofaffin takardun da ke cikin adaka a gidajen malamai a Kano da Katsina da Agadas, gara tana ci, magada ba su san abin da ke hannunsu ba.

A cikin takardun nan har da wasiƙar ƙaninsa Dawud, kuma wannan ne ɓangaren tarihin da ya fi taɓa ni. Dawud ɗan kasuwa ne mai fataucin duwatsu masu daraja. Shi ke nema ya ciyar da gida, yayan kuma yana karatu da rubutu. Ya rubuto wasiƙar daga Aizab, tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Maliya, yana shaida wa yayansa cewa bai samu kayan kirki a can ba, zai wuce Indiya. Jirgin ya nutse da shi, da dukiyarsu, da dukiyar mutane da ke hannunsa. Ya bar mace da ƙaramar 'ya. Musa ya kwanta ciwo kusan shekara guda. Bayan shekara takwas ya rubuta wa wani aboki cewa har lokacin bai daina makoki ba, in ya ga rubutun hannun ƙanin nasa sai zuciyarsa ta juya. Na karanta wannan ina zaune kusa da nawa yayan da ke kwance, na rufe littafin na yi shiru.

A nan ne rayuwarsa ta ɗauki hanyar da ta sa na rubuta wannan labari. Ga shi babban malami, har an naɗa shi shugaban Yahudawan Masar wajen 1171, tambayoyi suna zuwa masa daga Yaman da Iraƙi da kudancin Faransa. Da ya so, al'ummarsa za ta ɗauki nauyinsa, kamar yadda ake yi wa shugabannin makarantun Bagadaza. Ya ƙi. Tun a sharhinsa na farko ya caccaki malaman da ke karɓar kuɗi da sunan Attaura, kuma a babban littafinsa na fiƙihu ya rubuta cewa duk wanda ya zauna karatu ya ƙi sana'a yana ci daga sadaka ya wulaƙanta sunan Allah. Maganar ta jawo masa gaba da manyan malaman zamaninsa. Shi kuwa sai ya koma ga likitanci, wanda ya karanta tun a Magrib, ya mayar da shi abin ci.

Mu ma mun san irin wannan. Malaman zaure na da, wannan maɗinki ne, wancan ɗan koli, wancan manomi, da asuba da dare su ba da karatu ba ko sisi. Ana ba da labarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana tufkar igiya, kuma ya ƙi karɓar kyautar Sarkin Gobir Bawa, ya nemi a sauƙaƙa wa talakawa a maimakonta. Ba na cewa malamin da ke karɓar albashi ya yi laifi, ni ma albashi nake ci. Amma malamin da cikinsa ba ya hannun kowa, bakinsa ma ba ya hannun kowa, kuma wannan ya yi ƙaranci a wurinmu yau.

Daga Ben Ezra muka taka zuwa masallacin Amru bin As, masallaci na farko a Masar, wanda aka kafa a 641 zuwa 642. Tafiyar 'yan mintuna ce. Muka yi azahar, muka zauna a inuwar ginshiƙai. Ɗan ƙanwata ya tuna mini cewa a wannan Fusɗaɗ ɗin ne aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a shekarun 1240 da kuɗin mutanen Kanem, domin ɗalibansu da alhazansu. Wato shekara arba'in kacal bayan rasuwar Musa bin Maimun, mutanen ƙasarmu suna da masauki a garin da ya zauna. A bakin masallacin wata mata ta miƙo hannu, na ba ta abin da ya sawwaƙa. Yaron ya ce, "Kawu, a karatunka ka kai wurin da Musa bin Maimun ya yi maganar sadaka?" Na kai. Ya kasa ta hawa takwas. Mafi ƙasƙanci ita ce wadda aka bayar da ɓacin rai. Can sama akwai wadda mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa bai san mai bayarwa ba. Mafi girma duka ita ce ka ba mutum rance, ko ka yi tarayya da shi a kasuwanci, ko ka nema masa aiki, har ya daina buƙatar kowa. Kuma ba a takarda kawai ya tsaya ba. Lokacin da mayaƙan Salibiyya, wato Kiristocin Turai, suka kama mutanen garin Bilbais na Masar a 1168, yana cikin waɗanda suka tashi tara kuɗin fansar Yahudawan da aka kama, an samu takardun wannan aiki a geniza.

Na yi niyyar bin hanyar da yake bi kullum, daga Fusɗaɗ zuwa cikin Alƙahira. A 1199 ya rubuta wa Shamu'il ibn Tibbon, wanda ke fassara littafinsa Dalalatul Ha'irin zuwa Ibrananci a kudancin Faransa, yana hana shi zuwa ziyara, domin ko awa ɗaya ba zai samu ya keɓe da shi ba. Ya zayyana masa yininsa. Da sassafe ya hau dabbarsa zuwa fada. Dole ya ga sarki kowace rana, in kuma sarki ko 'ya'yansa ko matan gidan ko wani babban bafade ba shi da lafiya, to yini ya tafi. Ba ya dawowa Fusɗaɗ sai bayan rana ta karkata, ga yunwa. Ya tarar da zaure cike da mutane, Yahudawa da waɗanda ba Yahudawa ba, manya da talakawa, masoya da maƙiya. Ya sauka ya wanke hannu, ya roƙe su su yi masa haƙuri ya ɗan ci abinci, wanda shi ke nan abincinsa na yini da kwana. Sannan ya fito ya duba su har cikin dare, yana rubuta magani a kwance saboda gajiya, har magana ta gagare shi. Sai ranar Asabar jama'arsa ke samunsa su yi karatu. Lokacin ya haura shekara sittin.

Mu a jirgi muka yi tafiyar: daga Mar Girgis zuwa Sadat, muka canja zuwa Ataba. Da muka fito, hayaƙin motoci ya tare mini ƙirji. Shi ma ya yi kukan iskar birni tun a wancan zamani, ya shawarci mai iko ya zauna a bayan gari ko a saman bene inda iska ke kaɗawa. Littattafansa na likitanci duk da Larabci ya rubuta su. Akwai na asma, akwai na dafi da maganinsa wanda waziri Alƙali al-Fadil ya sa shi ya rubuta domin talakan da maciji ko kunama ta sara ba likita kusa, akwai na kiyaye lafiya da ya rubuta wa al-Afdal ɗan Salahuddin, akwai na basir, ciwon da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi rubutu a kansa. Ya ce kada mutum ya cika cikinsa, ya tashi da sauran wuri. Da na faɗa wa Yaya wannan, ya ce ai hadisin kasa ciki uku ya riga shi. Ibn Abi Usaibi'a ya sa shi cikin tarihin likitoci, ya kawo baitocin Ibn Sana'ul Mulk da ke cewa maganin Jalinus, shahararren likitan Girkawa, na jiki ne kawai, na Abu Imrana kuwa na jiki ne da hankali. Abu Imrana ita ce alkunyarsa.

Wazirin nan al-Fadil ya taɓa ceton ransa. Masanin tarihi Ibn al-Ƙifɗi ya ruwaito cewa wani malamin fiƙihu daga Andalus ya zo Masar ya kai ƙara, wai ya taɓa musulunta a can, yanzu ya yi ridda. Al-Fadil ya kori ƙarar, ya ce musuluncin da aka yi bisa tilas ba ya inganta a shari'a.

Daga Ataba muka kutsa titin Muski a ƙafa. Cunkoson ya fi na Kantin Kwari ranar jajiberen salla. Masu tura kaya suna ihu a ba su hanya, 'yan adaidaita suna kutsawa, kowane mai shago yana kiran "Ya Hajj!" Muka tsaya muka sha ruwan rake mai sanyi, muka tambayi Haratul Yahud. Kowa ya san ta. Ka bar babban titi ka shiga lunguna irin na kasuwar Kurmi, wasu ba su ɗaukar mutum uku a jere. Yanzu shagunan kayan wasan yara ne, da masu sayar da 'yan kunne da sarƙoƙi, da maƙeran ƙarfe. Nan da can, a jikin tsohuwar ƙofa ko taga, za ka ga tauraro mai kusurwa shida. Babu Bayahude ko ɗaya a unguwar. A 1948 Yahudawan Masar sun kai wajen dubu saba'in da biyar, yaƙe-yaƙe da Isra'ila da korar da ta biyo bayan 1956 suka watsa su, yau waɗanda suka rage a ƙasar ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Wani yaro mai kai shayi shaguna ya raka mu har Darb Mahmud, inda wurin ibadar da ke ɗauke da sunan Musa bin Maimun yake. Ƙofar ƙarfe a rufe, ɗan sanda a zaune gefe. Ya amsa sallama da fara'a, ya ce sai da izini daga hukumar kayan tarihi ake shiga. Muka leƙa ta tsakanin ƙarafa. Hukumar ta gyara wurin aka gama a 2010. Ginin ibadar na ƙarni na 19 ne, amma a gefensa akwai tsohon ɗaki a ƙasa wanda ake cewa nan yake ba da karatu, kuma nan aka ajiye gawarsa kafin a ɗauke ta zuwa Ɗabariyya da ke bakin tafkin Galili, inda kabarinsa yake. Wani tsoho mai gyaran sarƙa a maƙwabta ya ba mu benci, ya ce a da marasa lafiya kan zo su kwana a ɗakin nan suna neman waraka, har da waɗanda ba Yahudawa ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yaƙi da layu da duba da taurari, ga abin da aka mayar da ɗakinsa.

A kan bencin nan muka yi hirar manyan littattafansa biyu. Mishne Tora, da Ibrananci, shekara goma yana aikinsa, ya gama wajen 1180. Ya tattara dukan shari'ar Yahudawa daga kogin Talmud, babban kundin muhawarar malamansu, ya tsara ta babi-babi cikin littafi goma sha huɗu, yadda mai neman hukunci zai same shi kai tsaye. Aka yi masa ca, saboda bai ambaci inda ya ciro kowane hukunci ba. Dalalatul Ha'irin kuma ya gama shi wajen 1190, ya rubuta shi ne domin almajirinsa Yusufu bin Yahuza, da duk mai addinin da ya karanta falsafa ya rasa yadda zai haɗa ta da nassi. Ɗan ƙanwata, wanda tsangayar Usuluddini yake, ya ce kashin farko na littafin kamar kana zaune a ajinsu ne. Me ake nufi da hannu, da fuska, da zama a kan kursiyyi in an jingina su ga Allah? Shi ya tsaya kai da fata cewa Allah ba jiki ba ne, bai yi kama da komai ba, har ya ce abin da ɗan'adam zai iya faɗa game da zatinsa shi ne kore abin da bai dace da shi ba. Ya tattauna hujjojin Ash'ariyya da Mu'utazila, mazhabobin aƙida na Musulmi, ya soki hanyarsu, ya girmama masanin falsafa al-Farabi ƙwarai. Wani malami Musulmi, al-Tabrizi, ya yi sharhi a kan muƙaddimomi ashirin da biyar na kashi na biyu. Wasu malaman Yahudawa kuwa suka ga littafin haɗari ne, har aka ƙona shi a kudancin Faransa wajen 1232.

Kada mai karatu ya ɗauka mutumin ya kusa musulunta. Bai yarda da annabcin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba, kuma a wasiƙarsa ga Yahudawan Yaman, waɗanda ake matsa wa lamba a lokacin, ya yi kalamai masu zafi da Musulmi ba zai ji daɗinsu ba. Ni ban ji ba. Amma shi ne kuma ya ba da fatawa ga wani mai suna Obadiya cewa Musulmi ba masu bautar gumaka ba ne ko kaɗan, tauhidinsu ba shi da aibi. Ɗansa Ibrahim, wanda aka haifa a 1186 ya gaje shi a shugabanci da likitanci, ya ma fi shi matsowa. Ya yaba wa sufaye a fili, ya shigo da sujada da wanke ƙafafu da tsayuwa sahu-sahu cikin ibadar mabiyansa, yana cewa ayyukan annabawan Bani Isra'ila ne da aka manta.

La'asar ta yi, muka yi wa tsohon godiya, muka fita ta wajen masu zinare muka yi salla a masallacin Husaini. Sauran zamanmu ya tafi a zirga-zirgar gashin ƙafa da sayen tsaraba. Ranar komawa littattafai suka sa kayana suka haura awo, na biya ƙari. Yaya ya hau jirgi da sanda ɗaya maimakon keken guragu. Wanda duk ya je Alƙahira yana son ganin wuraren nan, ya riƙe fasfonsa a jiki, ya fara da Fusɗaɗ da safe domin ana rufe Ben Ezra da yamma, in kuma yana son shiga na Haratul Yahud ya nemi izinin tun kafin ranar.